Ranar da Baba Ya Daina Auna Kano da Ƙafa

Mahaifina bai yarda da igiyar awo ba, balle taswirar da ake nunawa a waya wai ga Kano daga sama. Cewa yake duk abin da ba ƙafarsa ce ta taka ba, ji-ta-ji-ta ne. Yana da gona a bayan kamfanonin Challawa, gadon kakanmu, dawa da wake yake shukawa. Tun ina ƙarami tsoronsa ɗaya a duniya, kada gari ya zo ya cinye ta.

Saboda haka duk shekara da an gama girbi sai ya auna garin. Zai je jikin katangar gidan ƙarshe ya jingina baya, ya yi bisimilla, ya miƙe sak zuwa ɗorawar da ke iyakar gonarmu yana ƙirga taku. Duk taku ɗari sai ya jefa tsakuwa ɗaya a aljihu. In ka gaishe shi a hanya harara ce amsarka. Wani bawan Allah ya taɓa tare shi da doguwar gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ya aka ji da aikin gona, lissafi ya ɓace, Baba ya koma ya faro daga farko. Sati guda ba su haɗa sahu a masallaci ba.

In ya dawo gida sai ya zazzage aljihu a kan tabarma, mu kewaye shi. Shekarun farko tsakuwar raguwa take yi, daga talatin ta koma ashirin da bakwai, ta koma ashirin da biyu. Ranar awo ba mai dariya a gidanmu, ko tuwon kirki ba ya ci.

Sai wata shekara ta tsaya cak. Ta zagayo ma ba ta motsa ba. A ta uku, wai sai ga ƙarin tsakuwa biyu. Baba ya sa aka yi waina aka rabar sadaka, ya fita majalisa yana ba da labari cewa Kano ta fara ja da baya. Mu kuwa da idonmu muna ganin motocin yashi suna wucewa, bulo yana tashi, kwanon rufi yana ƙyalli inda da ake kiwon shanu. Amma wa zai ɗaura wa mage ƙararrawa?

Innarmu ce ta gwada. Ta ce, "Malam, da can in ka fita awon nan kafin in sauke koko ka dawo. Yanzu sai an kira azahar, kana dogara sanda. Anya garin ne yake ja da baya, ko ƙafar ce ta rage faɗi?"

Ya ce, "Takun manomi ba ya canjawa. Ke dai ki ji da kokonki."

Maganar gaskiya gwiwa ce ta ci shi. Inda da yake taku ɗaya, yanzu sai ya yi biyu har da ɗoriya. Gari yana matsowa, taku yana gajarcewa, lissafi yana fitowa daidai. Da ya ƙara shekara goma yana awon nan, da sai ya kora Kano har cikin ganuwa.

A lokacin ni na girma, ina aiki a wani kamfanin robobi a Sharaɗa. Ni da matata da 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya na haya a Ɗorayi, in mutum zai juya a kwance sai ya nemi izini. Ana nan sai maƙwabcin Baba na gona ya rasu, magada suka kira masu awon igiya, waɗanda ke yanka gona fuloti-fuloti ba ruwansu da ofishin ƙasa. Wani abokin aikina ɗan Filato ne ya kawo mini labarin, shi ma ya kama ɗaya. Da na je saura guda, na can ƙarshe, wanda kowa ya ƙi saboda nisa da titi. Inuwar ɗorawar Baba har cikinsa take kaiwa da yamma. Na saya, kuma wallahi na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Faɗa masa ne ya gagara. Na ce sai bayan Sallah. Sallah biyu ta wuce. Kuma don tsabar rashin dabara irin tawa, duk ranakun Allah ban tashi haƙa harsashi ba sai ranar awo.

Ina tsaye kan magina ina ta iyayi, nan falo, nan ɗakin yara, sai ga shi tafe da sanda, leɓe yana motsi, aljihu ya yi nauyi. Ya zo bakin ramin ya tsaya, don ramin ya tare masa hanya. Ya dubi maginan, ya dubi igiyar da aka ja, ya dube ni.

"Kai kuma me kake yi a nan?"

Na ce, "Baba, dama ina so in zo in same ku."

"Na wane ne?"

Na tsuguna, na ce nawa ne.

Maginan suka ajiye shebur. Na so ya yi faɗa, ya zage ni tas a gabansu, da na fi samun sauƙi. Sai ya daɗe yana kallon tsakanin ramin da ɗorawa, tazarar da ko yaro mai tatata zai ƙure. Ya ce, "Shekara da shekaru ina gadin hanya, ashe ta cikin gidana zai ɓullo." Sannan ya tambayi babban maginin ko harsashin ya yi zurfi, don wurin yana riƙe ruwa da damina, kada ginin ya tsage da jikokinsa a ciki.

Bayan mun tare ya yi noma sau biyu. Awakin unguwa, ciki har da na matata, suka cinye waken. Yara suka mai da kunyoyin filin ƙwallo, leda ta fi dawa yawa. A shekara ta uku da bakinsa ya ce a kira masu igiya, gara a yanka yana raye ya ga wanda zai zauna a kai. Da suka zo shugabansu ya ce ana buƙatar mutum ɗaya ya riƙe bakin igiya daga iyaka. Baba ya nuna ni da sanda. Na riƙe, suka ja ta ta tsakiyar gonar, shi kuma yana zaune a ƙofar gidana yana kallo.