Yaran da Stamatia Ta Shafa wa Mai

Stamatia ta ƙetaro teku daga Korfu zuwa garinmu Saranda a shekarun da aka sake buɗe coci-coci, bayan faɗuwar mulkin da ya hana ambaton Allah. Da akwati ɗaya ta zo, da niyyar yin shekara biyu a gidan marayun da 'yan mishan suka buɗe a bayan tashar jirgin ruwa. Waɗanda suka zo tare da ita duk sun koma, wasu da ciwon baya, wasu da hotunan nuna wa dangi. Ita ta zauna, kuma da bakinta take cewa ba don ta fi su tsoron Allah ba ne. Duk lokacin da ta ɗaure kaya sai wani yaro ya kwanta da zazzaɓi.

Wanki, girki, cire ƙwarƙwata, koyar da karatu da lissafi, duk a kanta. Harshenmu ma a bakin yara ta koya, shi ya sa har ta yi furfura tana magana kamar 'yar shekara shida mara kunya, zagi ya fi zauna mata a baki fiye da gaisuwa.

A shekararta ta farko aka yi wa yaran baftisma gaba ɗaya a bakin teku, cikin ganga. A wurinmu yaro ba ya shiga ruwan sai da wanda zai tsaya masa, ya shafe shi da man zaitun daga kai har tafin ƙafa, ya zama uwarsa ko ubansa a gaban Allah. To wa zai tsaya wa maraya? Mu lokacin burodi muke nema, wasunmu ma tsoron shiga coci bai sake su ba. Sai Stamatia ta naɗe hannun riga ta shafe su duka, maza da mata. Daga ranar kowa Nona yake kiranta, wato uwar baftisma.

Ba wai ba ta san al'adar ba. A ƙauyensu mace takan tsaya wa maza zalla ko mata zalla, domin yaran da hannu ɗaya ya shafa wa mai sun zama wa da ƙanwa, babu aure tsakaninsu. Amma mai kallon yara da majina da ƙuraje ina zai tuna da ranar aurensu?

Sai da gwiwoyinta suka gaji da hawa bene ranar ta zo. Tana zaune da ƙafafu cikin ruwan gishiri Besnik da Teuta suka shigo, dukansu renonta. Shi yanzu yana gyaran injin kwale-kwale, yana kuma waƙa a coci. Ita tana gasa burek, wato burodin da ake cusa wa cuku ko nama, a shagon wani. Tun kafin su buɗe baki ta gane, don sun tsaya nesa da juna fiye da kima. Farin ciki ya zo mata, bai ko zauna ba abin ya faɗo mata a rai, ta ji wata gajiyar da ba ta taɓa ji ba.

Fada Thoma, dattijon limamin cocinmu, bai ɓoye musu ba. Ya ce muddin hannu ɗaya ne ya shafe su, ba zai iya ɗora musu kambin aure ba. Teuta ta ce su je ofishin gari a ɗaura kawai, ai rabin Saranda haka suka yi kuma sama ba ta faɗo ba. Besnik ya ƙi. Yaron nan ba shi da uwa, ba shi da uba, ba shi da ƙauyen da zai ce nasu ne, cocin nan kaɗai ya riƙe da hannu biyu. Ya ce in har ƙanwarsa ce a gaban Allah, to ƙanwarsa ce. Yana faɗa yana ramewa, ita kuma ta daina yi masa magana.

Stamatia ta ja ƙafa ta je wurin Fada. Ya haɗa mata kofi, ya daɗe yana juya kofinsa.

"Ranar akwai cunkoso, 'yar'uwa," ya ce. "Ni idona na kan ganga, ban ga wa ya shafa wa ba. Ba akwai direban nan da ya kawo gangar ba, Kosta? Allah ya ji ƙansa. Ke kaɗai za ki tuna."

Ta tuna sarai, ai matsalar ke nan. Kosta yana can gefe yana shan taba. Lokacin Besnik ɗan shekara uku ne, ya cije ta a babban yatsa, ya suɓuce mata kamar kifi sai da ta cafko shi ta ƙafa. Duk bikin Ista ita ke saya masa kyandir da sabon takalmi, kamar yadda kowace Nona ke yi wa nata. Ta tsufa ba ta iya ƙarya ba, ko ta farashin tumatir. Yanzu ana so ta yi ɗaya, kuma ƙaryar ita ce ta ce yaronta ba nata ba ne.

Ranar Lahadi bayan sujada ta faɗa a gabansu, ido a ƙasa. Ta ce hannunta ya gaji a ranar, Kosta ne ya karɓi Besnik ya shafe shi. Fada ya gyaɗa kai da sauri ya sa ranar aure. Teuta ta fashe da kuka ta rungume ta.

Besnik ya fito tare da Stamatia. Ya riƙe mata hannu a matakala kamar kullum, suka sauka a hankali.

"Nona, kada ki yi don ni. In ke ce, ki faɗa mini, zan iya haƙura."

Ta dube shi, ta san zai iya ɗin, zai haƙura ya lalace a tsaye.

"Kai, rabu da ni, ɗan banza," ta ce. "Yara nawa ne a ranar? Hannu biyu gare ni."

"To duk takalman nan fa?"

"Da ka yi yawo ba takalmi?"

Suka kai ƙasa. Ta ga nauyi ya sauka daga kafaɗarsa, ta kuma ga abin da ya fita daga fuskarsa tare da nauyin. Ya saki hannunta yana gyara hula, sannan ya tambaye ta, cikin ladabin da ake yi wa baƙuwa, ko ta san inda aka binne Kosta, yana so ya je ya kunna wa ubansa na baftisma kyandir kafin biki.

Ta kwatanta masa hanyar. Ta ce ya je shi kaɗai, ƙafarta ba za ta kai ba.