Randar Mai Bishara

In ka fita daga Dakoro ka nufi Korahane, akwai wani yanki na hanya da rairayi ke cin ƙafa. A nan wani mai wa'azin Kirista ya kafa bukkarsa tun zamanin Nasara, shi da matarsa. Bahaushe ne ɗan kudu, gajere, mai yawan dariya. Mai bishara muke ce masa. Ban san mutum nawa ya samu da wa'azinsa ba, ni dai ban ga taro ba. Abin da kowa ya san shi da shi wata randa ce da ya girka a gindin aduwa, bakin hanya, da ludayi a kan murfinta. Fulani masu koro shanu kasuwa, Buzaye da raƙumansu, direbobin kamyo, manyan motocin kaya, da yashi ya riƙe, duk nan suke jiƙa maƙogwaro. Matarsa ke cika ta safe da maraice.

Mutum ɗaya ne a garin nan bai taɓa shan ruwan ba, shi ne maigidana. Fataucin hatsi yake, kuma kowace ranar kasuwa sai ya tsaya gindin aduwar nan ya yi gardamar addini da mai bishara har jakunansa su gaji da tsayuwa. In an miƙo masa ludayi sai ya dafa salkarsa ya ce, "Na gode, da nawa." Mai bishara ya yi dariya ya ce, "Wata rana dai, Malam." Haka suka yi shekaru. Taurin kan mutumin nan nawa, Allah kaɗai ya san iyakarsa. Amma in mako ya wuce ba su haɗu ba, tuwo ma ba ya shiga.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba mai bishara ya kwanta ciwo, ya rasu. Maigidana bai je wurin addu'arsu ba, amma shi ya aika da itacen rufe kabari, ya kuma yini a zaure shi kaɗai. Matar, wadda nake ce wa Yaya, ta ci gaba da cika randa. Ba su da ɗa, ƙarfinta kuma ya fara ƙarewa. Sai ga ƴan'uwanta daga kudu sun zo tafiya da ita.

Na same ta tana ɗaure kaya tana kwancewa. Ta ce, "Ƙanwata, in na tahi wa zai zuba ruwa? Randa ta bushe, shi ke nan an manta da shi, kamar bai zauna nan ba." Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

A daidai lokacin aka zuba wa hanyar jar ƙasa, sabon kwamandan mai mulkin gundumarmu, wanda yanzu ɗan ƙasa ne, ya tara dattawa ya ce a ba wannan yanki na hanya suna. Aka yi ta jero sunayen manyan Yamai da ko hanyar ba su taɓa takawa ba. Wai sai maigidana ya miƙe ya ce a sa mai bishara. Wani ya ce, "Alhaji kake son zama, kana kawo mana Kirista?" Ya ce, "Ni na fi ku sanin Kirista ne, ni nake gaya masa kullum. Wanda bai taɓa shan ruwansa ba ya ɗaga hannu." Aka dubi juna. Hannu ɗaya ya tashi a duk taron, nasa. Dariya ta kashe maganar, kwamandan ya amince.

Da ya dawo gida yana ba ni labari yana hura hanci, na ce, "To Malam, allon suna zai ba matafiyi ruwa?" Ya ce in kawo masa tuwo.

Ranar sa suna aka kafa allo kusa da aduwa, aka jera ƴan lakwal, yaran makarantar boko, suna waƙa, gardi biyu, dogaran kwamandan, suna korar awaki. Kwamandan ya yi jawabi da Faransanci, muka tafa ba don mun ji ba. Yaya tana gefe da kayanta a ɗaure, ƴan'uwanta na jiran a gama.

To, a wurinmu ba a zaunar da baƙo ba a ba shi ruwa ba, kuma da babba ake farawa. Yaya ta buɗe randa, ta cika ludayi, ta wuce kwamandan kamar ba ta gan shi ba, ta durƙusa gaban maigidana. Idanu duk suka koma kansa. Kowa ya san labarin salkar nan, ga ta ma rataye a kafaɗarsa. Ni kuwa ina cewa a raina in mutumin nan ya ce "da nawa" yau, ba zan ƙara yi masa magana ba sai bayan damina.

Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya yi bisimilla ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya shanye. Ya goge gemu ya ce, "Ashe da sanyi. Shi kuma bai taɓa faɗa mini ba." Aka fashe da dariya, Yaya na dariya tana share hawaye. Ya miƙa mata ludayin ya ce, "Ki tahi da hankali kwance. Randa wagga ta koma gidana."

Gidansa, in ji shi. Kun dai san kan wa tulun ya hau. Shi ya yi alkawari gaban jama'a ya sha yabo, ni na yi ta sintiri tsakanin rijiya da aduwa ina mita, daga baya ƴaƴana suka karɓe ni. Allon kuwa gara ta cinye shi tun ba a je ko'ina ba, babu ma wanda ya kula, don direbobi da masu raƙuma sun riga sun saba cewa a sauke su a Mai Bishara.

Maigidana bai daina tsayawa can ranar kasuwa ba. Na taɓa iske shi zaune shi kaɗai a gindin aduwar, ludayi a hannu, yana girgiza kai yana cewa, "A'a, nan kam ban yarda da kai ba." Na juye ruwana a randa na rufe, na bar su suna gardamarsu.