Alawayyon da Ba a Taya Ba

Mutane suna ganin aikin kanti hutu ne. To, ta wani wajen da gaskiyarsu. A shekarun da ake ta zancen mulkin kai, sa'o'ina suna can Kibiya suna fama da fartanya, ni kuwa ina Rano a inuwa, a kantin wani Alhaji mai sayar da yadi da riguna, ina auna atamfa da shadda. In na je gida da sallah har leƙena ake yi. Kuma babu labarin da ke wuce mu. Wanda zai yi aure, wadda ta kusa haihuwa, duk a kan teburinmu ake fara sani.

Amma fa ba ka da ikon kanka. Mahaifiyata ta kwanta ciwo tun tsakiyar damina. Na roƙi Alhaji in je in duba ta, ya ce in bari kasuwa ta ci tukuna. Kasuwa kuwa tana ƙarewa ne? Ta ci yau, kafin ka gama ninke kaya ta sake zagayowa. Na haɗiye haushina, amma tun daga nan duk wanda ya doso kanti daga hanyar garinmu sai gabana ya faɗi.

Dalili kuwa, mu ne masu sayar da alawayyo, farin yadin da ake likkafani da shi. Mai neman na riga zai murza shi, ya ɗaga a rana, ya kushe, ya taya, ku yi ta ja har makogwaro ya bushe. Mai neman likkafani ba ya tayi. Sai dai ya ce a yanko fari, ya faɗi yawansa. Na mace ya fi na namiji yawa, don haka daga awon kaɗai mun san mace aka rasa ko namiji.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina fama da wata tsohuwa mai shegen tayi, sai na hango kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana jingine keken aro a bakin kanti. Mutumin da ko barkono zai saya sai ya yi barkwanci, ranar gaisuwar ma a taƙaice ya yi ta. Bai dube ni ba. Ya matsa kusa da Alhaji suka yi magana ƙasa-ƙasa, Alhaji ya ce in sauko da bandir ɗin alawayyo.

Na so in tambayi jikin Inna, amma na fasa, don na san in na tambaya za a ba ni amsa. Na fara warware yadin ina aunawa, ina cewa a raina ai unguwarmu akwai tsofaffi, ai kawu shi ake aikowa Rano in abu ya faru. Allah ya yafe mini, har addu'a na yi a ce na namiji ne, ko ma wane ne.

Na kai inda na namiji ke tsayawa, na danne wurin da ɗan yatsa, na ɗaga kai. Kawu yana kallon ƙasa.

"Ƙara," in ji shi.

Na ƙara. Gumi ya jiƙe tafin hannuna, na riƙa gogewa a riga don kada in ɓata farin. Tsohuwar nan mai tayi ta ajiye atamfarta ta fice ba sallama. Da awo ya cika na ɗauki almakashi, amma na kasa saita shi a bakin yadin.

Alhaji ya taso ya kama hannuna.

"Kawo almakashin, yaro. Ba kai za ka yanka wannan ba. Sa takalmanka."

Shi ya yanka, ya ninke da kansa, ya naɗe a takarda. Kawu ya hau keke, na hau baya. Ni na riƙe ƙunshin a cinyata har Kibiya.