Sallau Mai Nuna Iyaka

Sallau na Maradun bai taɓa cika shekara biyu a hannun ubangida ɗaya ba. Ya yi wa wani mahauci aiki a Bakura, aka kore shi kan satar hanta. Ya bi mai maganin ciwon baya kasuwa-kasuwa, shi ne majinyacin da ke warkewa a gaban jama'a, har ranar da wata tsohuwa 'yar Jangebe ta ce ai wancan makon ma ta ga ya warke. Mu da muka tashi unguwa ɗaya da shi mun san ba mugu ba ne, ciki ne kawai ke jan sa. Duk ɓarnar da ya yi, wansa Maiwada ke zuwa ya ba da haƙuri, ya taso shi gaba yana faɗa har gida. Iyayensu sun daɗe da rasuwa, in ka cire Maiwada, Sallau ba shi da kowa a duniya.

Da aka fara aikin madatsar Bakolori, sai ya faɗa hannun Turawan kamfani. Masu awon gonakin da ruwa zai ci suna neman wanda ya san iyakoki, wa kuwa ya fi wanda ya saci dankali a kowace fadama? Aka ba shi hula da takalmin roba, yana gaba yana nunawa, ana kafa turaku. Ranar da aka zo gonarsu ta gado, Maiwada na tsaye da fartanya yana kallo. Sallau kuwa, don neman suna, ya nuna har tsamiyar da mahaifinsu ke hutawa a gindinta, aka shafa mata jan fenti. Tun daga ranar Maiwada bai sake amsa gaisuwarsa ba. Ba zagi, ba duka. Da ma dukan ya yi, da ya fi sauƙi.

A sansanin kamfanin akwai wani mai walda, mutumin ƙasar Sifen, yana da majigi. Wata Lahadi da rana ya toshe tagogin sito ya haska musu fim ɗin ƙasarsu na zamanin da: wani mayunwaci mai yagaggen wando yana ta sauya iyayen gida, yana satar burodi, yana shan duka. Turawa har da riƙe ciki don dariya. Sallau bai ji ko kalma ɗaya ba, amma da muka haɗu ya ce mini, "Wallahi wanga ni na! Ashe irin zaman duniyata abin dariya na. In Yaya ya gani ya dara, ai ya huce."

Na ce masa gona ba hanta ba ce. Bai ji ba. Ya mayar da hula da takalmi, ya koma kasuwar Talata Mafara yana wasan kwaikwayon rayuwarsa. Shi ne mahauci, shi ne mai magani, shi ne Bature mai igiyar awo, shi ne kuma wawan da ke gaba. Lokacin ruwa ya riga ya shanye gonar, an mayar da su Maiwada wani tudu mai tsakuwa inda ko gero ba ya so. Tufkar igiya ya koma, yana kawowa kasuwa. Sallau ya kafa wasansa daidai gaban masu igiya, wata da watanni, Maiwada bai ɗaga kai ba.

Wata Talata sai ga Maiwada ya taso ya tsaya cikin taro. Sallau ya rikice, ya tsallake mahauci da mai magani, ya shiga wasan ranar awon gonarsu. Ya yi tafiyar taƙama kamar yana cikin takalmin nan da ya fi ƙafarsa, yana nuna tsamiya yana washe wa Bature baki, yana marin kansa. Jama'a suka kwashe da dariya, cikinsu har da waɗanda gonakinsu ke ƙarƙashin ruwa. Maiwada ma ya yi dariya, da idona na gani, kuma na ji daɗi har raina.

Da aka watse, Sallau ya je ya durƙusa, gumi na zuba, ya ce, "Yaya, ina wuni?"

Maiwada ya sa hannu aljihu, ya ciro goro ɗaya ya miƙa masa, ya ce, "Madalla da wasa, malam. Allah shi ba da kasuwa. Daga wane gari kah hito?"

Sallau ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe a durƙushe yana juya goron, sannan ya ce, "Daga nesa, malam."