Kujerar Malam Shekari ta Ƙarshe

Kujeru shida Malam Shekari ya saya a gwanjo, shekarar da wani Bature malamin jami'a zai bar Samaru. Na katakon maɗaci ne, da jan kushin, ana ninke su kamar littafi. Ninkewar nan ita ta zame wa matarsa Winifred ciwon kai na shekara arba'in, domin duk abin da ke ninkuwa yana hawa bayan mashin.

Shekari ya koyar a firamare har ya yi ritaya, amma shi bai taɓa koyon cewa a'a ba. Biki, zaman makoki, taron zumuntar mata, duk unguwarsu ta Hanwa ta san gidan da ake aron kujerar manyan baƙi. Ɗaya ta tafi Bomo, shiru kake ji. Biyu sun dawo a kakkarye, ɗaya ruwan sama ya ruɓar da ita. Ta biyar kuwa Winifred ta gan ta da idonta a falon wani dattijon coci, ta zo ta faɗa, maigida ya ce ƙila kama ce.

Saura ɗaya tal, kuma tun da ciwon baya ya kama shi ita kaɗai ke ba shi sauƙi. Ranar da aka are ta, a tabarma yake yini yana nishi. Abin ya ishi Winifred. Ta ɗauko Felix kafinta daga Sabon Gari, ya buga wa kujerar ƙusoshi a cikin ɗaki. Ta daina ninkuwa, a buɗe kuma ba ta wuce ƙofa.

Ran Asabar sai ga maƙwabcinsu Othniel, wai surukai za su zo masa. Ya juya kujera, ya karkata ta, ta ƙi fita. Winifred na murna a ranta, sai ta ga tsohon nan da bayansa ba ya sunkuyuwa ya ɗauko sukudireba yana kwance ƙofar.

Ta ce, "Baban Marvellous, ƙofar ma aronta za ka bayar?"

Ya ce, "Da kunya, Maman Marvellous. Ya riga ya zo."

Takaici ya cika ta. Ta wuce su ta zauna daram a kujerar da shekara arba'in gogewa kawai take yi mata. "To Othniel, sai ka ɗauka har da ni." Othniel ya sosa ƙeya, ya yi sallama.

Kwana biyu Shekari bai kula Winifred ba, ya koma tabarma don fushi, ita ma ta ƙyale shi. A na uku ta dawo daga kasuwa ta same shi cikin kujerar, baki buɗe, yana minshari. Ƙofar kuwa har yau tana jingine da bango, ya ce bayansa ba zai iya mayar da ita ba.