Ruwan da Siminti Ya Ƙi Sha

Kakana ba shi da kabarin da muka sani. Ya baro ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Sudan, sai ya kama aikin zuba gawayi a wani jirgin ruwa na soja, irin mai tafiya da tururi. A zamanin babban yaƙin Turawa jirgin yana jigilar sojoji da harsasai a kogin Nilu. Wata rana bututun tururi ya fashe a ɗakin wuta, kakana yana tsaye a gabansa da shebur. Aka binne shi a wata gaɓa, jirgi ya wuce. Kakata tana da cikin Baba a lokacin, kuma sunan jirgin kaɗai aka kawo mata.

Da wannan suna Baba ya tashi. Ranar Idi, idan mutanen unguwa sun ɗauki butoci sun nufi maƙabarta don su yayyafa wa nasu ruwa, shi sai ya zauna a ƙofar gida yana jan carbi.

Yaƙin da ya kore mu daga Sudan shi ya kawo mu Alkahira, muka kama ɗaki a unguwar Faisal. Baba ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni. Wata yamma maƙwabcinmu, mai sana'ar walda, yake ba mu labarin wani tsohon jirgin yaƙi da ya taɓa yi wa gyara, wanda aka ɗaure a bakin kogi wajen unguwar Dokki don masu kallo. Ya faɗi sunansa. Baba ya ajiye kofin shayi.

"Sake faɗa, ɗana."

Ya sake faɗa.

Washegari Baba ya sa farar jallabiyarsa, ya cika gora da ruwa. Na ce masa, "Baba, kogi fa za mu, ruwa kuma za mu kai masa?"

"Kai malamin allo ne, ba malamin marayu ba. Riƙe mini hannu."

Jirgin ya sha fenti. An goge bindigar da ke gabansa har tana ƙyalli, ɗakin hafsoshi kuwa yana nan da gadajensa da labule. Mai gadi, wani dattijo Bamisire, ya bi mu yana bayani. Baba bai saurare shi ba. Ɗakin wuta kawai yake tambaya.

"Ma'alish, ya Hajj," in ji mai gadin, yana ba shi haƙuri. "Ƙasan ya ruɓe, ruwa yana shiga. Sai aka cire tukunyar tururin, aka cika wurin da siminti. Ba don haka ba, da tuni ya nutse."

Ya buɗe mana wata ƙofar ƙarfe. Matakala ta gangara kaɗan, sai ta ɓace cikin daɓe mai launin toka. Na kwatanta wa Baba abin da nake gani. Ya durƙusa da ƙyar, ya shafa da tafinsa, ya yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari. Muka karanta Ƙulhuwallahu tare. Sannan ya buɗe gorar ya zuba.

Ruwan ya tsaya a sama. Baba ya jira, ya sake shafawa, hannunsa ya jiƙe.

"Bai sha ba?"

"Bai sha ba, Baba."

Mai gadin, Allah ya saka masa, ya jira sai da muka miƙe, sannan ya ɗauko tsumma, don kada wani ya zame.

A mota Baba ya ce mini da can yana da wurin da yake fatan zuwa, yanzu ya je. Tun ranar ban ƙara jin sunan jirgin a bakinsa ba. Da Idi ya zagayo na tarar da shi a bakin taga, carbin yana cinyarsa, ba ya ja.