Dirkar da Gara Ta Ci

A kasuwar Dumega wani tsoho na tsaye gaban mai katako, ya rungume guntun dirkar rumbu kamar jinjiri. Hularsa a karkace take, ƙila rumbun hatsinsa ma haka yake can gida. Saman dirkar ya sha magani, baƙi ƙirin, lafiya lau. Gindin kuwa gara ta yi biki.

"Kai ka ce sai ta binne ni," in ji tsohon.

"Baba, datse ta ka yi, ka kafa wajen yankan cikin ƙasa. Magani bai kai ciki ba."

Tsohon na murza garin iccen a tafin hannu, yana duban gabas inda hadari ke haɗuwa.

"Sauran dirkokin ma haka na yi masu."